Dattijuwa Ta Je Konduga

Jiddari Polo, Maiduguri
Asabar, bayan la'asar

Baban Mustafa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ba lallai ka karanta ta ba, kai da kake ninke takardar asibiti ka cusa a aljihun mota ka ce sai ka ga tabarau. Amma bakina cike yake da labari, kuma shekara talatin da ɗaya kai nake fara kawo wa labari, mai daɗi da marar daɗi. Wata goma sha huɗu bai isa ya raba ni da wannan sabo ba.

Albishirinka. Na san da za ka ce goro ba tare da ka ɗago kai daga kofin shayi ba. Matar Mustafa ta sauka lafiya ranar Alhamis ta makon jiya, namiji. Shekaranjiya aka raɗa suna, kuma sunanka ya ci. Danginka tuni sun fara kiransa Babagana. Ni kam ka san bakina bai taɓa furta sunanka ba, ba kuma zai fara yanzu ba, don haka Maigida nake ce masa. Yana da kunnuwanka, Allah sarki, ba abin da za a iya yi a kai.

Amma ba labarin suna ne ya zaunar da ni da biro ba. Labarin motarka ne, Dattijuwa, da abin da na yi mata.

Ka san halin Iya. Tun da idanunta suka rufe, mahaifiyarka ba ta yarda ta shiga kowace mota sai taka. Ta ce a motar haya ba ta san wanda ke jan ta ba, ba ta san inda aka nufa da ita ba, amma taka da kunne take gane ta tun daga bakin hanya. Kai ka ɗauko ta da kanka lokacin da ciwo ya fara cin ƙarfinka. Bayan sadakar arba'in abokin aikinka Malam Kyari ya mayar da ita Konduga a cikin Dattijuwa, kuma tun ranar ba ta sake tako Maiduguri ba. Da cikin matar Mustafa ya tsufa muka aika mata. Ta ce a gaya mini tana so a ɗora mata jaririn a cinya ranar suna, ta shafa kansa da hannunta, amma in ba motar ɗanta ce ta zo ba, a yi suna lafiya, ta yafe. Ka san in Iya ta faɗi magana ta zauna. Shekarunta kuma sun ja, ban san ko akwai wani suna a gaba da za ta riska ba.

To ni ce direbar Dattijuwa yanzu. Da na fita takaba na share mata ganyen darbejiya, Malam Kyari ya sa mata batir, na ci gaba da zuwa makaranta da ita. Tana nan da halinta na kullum. In ta kwana, ko ta yi awa biyu a tsaye, ba ta tashi da bugu ɗaya. Ka tuna yadda kake yi? Ka murɗa makulli rabi, ka yi shiru kana sauraron wannan 'yar ƙara daga ƙarƙashin kujerar baya, ka karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshe, ka kashe, ka sake murɗawa rabi, ka gyara hula, sannan ka tayar. Ni kuwa ina gefe ina duba agogo ina tafasa. Sau nawa na ce maka makaniken da ya gyara motocin rabin unguwa ya kasa gyara tasa? Kai kuma sai ka ce, “Binta, ki bar ta ta kurkure baki tukuna.” Har na taɓa ce maka ranar da motar nan ta zama tawa, abin da zan fara cirewa ke nan. Da wasa na faɗa. Da na san yadda za ta zama tawa, wallahi da na haɗiye maganar.

Sai bayan rasuwarka Malam Kyari ya yi mini bayani. Ya ce famfon mai biyu gare ta, ƙarami a cikin tanki, babba a ƙarƙashinta, kuma babban ya tsufa, ba ya riƙe mai in an kashe inji. Man sai ya sulale ya koma tanki. Wannan jiran da kake yi, jiran famfo ne ya sake cika bututu. Na ji haushi, ban ɓoye maka ba. Duk shekarun nan ina zaton tsabar ustazanci ne, ashe famfo kake lallashi.

Da na ga tafiyar Konduga na matsowa, sai na ce ba zan je gaban Iya ina fama da makulli ba. Na ce wa Malam Kyari a canza famfon. Ya ce a nemo irin nata daidai, ko a bar ta yadda ka bar ta. Ban ji ba. Na tafi wajen masu kayan gyara da ƙafata, wani mai zaƙin baki ya nuna mini wasu guda biyu, ya ce na manyan motoci ne, sun ninka nata ƙarfi, in aka sa su mota za ta tashi kafin in saki makulli. Ka san ni da son abin da aka ce ya fi na kowa. Na kwaso su duka biyun na dire wa Malam Kyari a gareji. Ya juya su a hannu, ya dube ni, ya ce, “Hajiya, motarki ce.” Daga yadda ya faɗi ya kamata in gane, amma ina.

Kwana biyun farko na yi ta fankama. Taɓawa ɗaya ta tashi. Har na ce a raina, Baban Mustafa, da kana nan da ka ga aiki. Rana ta uku ina kan hanyar dawowa daga makaranta, na taka totur zan wuce wani mai keke, sai ta yi kamar an riƙe mata wuya, ta yi tari, ta mutu. Fis ya ƙone. Aka sa wani, washegari ya sake ƙonewa. Malam Kyari ya taɓa wayar da ke kai wa famfon wuta ya ce in taɓa. Da zafi rau, kamar an ciro ta daga murhu. Ya ce sababbin famfunan suna jan wutar da ta fi ƙarfin tsohuwar waya, don haka in aka buƙaci mai da yawa sai su rasa wuta su yi sanyi. Ya ja sabuwar waya mai kauri tun daga batir, ya sa sabon rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, da fis ɗinsa. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Ashe yanzu aka fara. Da famfunan suka samu wutar da suke so, sai ta ɓullo da sabon hali. A kan gudu lafiya lau. Amma da zarar na tsaya, a danja ko a layin shingen bincike, sai ta hau kakkarwa, baƙin hayaƙi na fita ta salansa, warin fetur ya cika mota har mayafina ya ɗauka, sannan ta mutu. Rannan masu keke uku suka tura ni gefe, ɗayansu yana cewa Hajiya a kai ta gidan tarihi mana. Na ji kamar in nutse. Ba don kaina ba, don kai. Motar da ba ta taɓa kunyata ka a titi ba, ga ta a hannuna ana yi mata dariya.

Ana cikin haka aka yi haihuwa. Kwana bakwai ke nan a hannuna, kuma dole in ɗauko Iya ranar Laraba. Hanyar Konduga kuwa ka san ta, tsayawa ce bayan tsayawa, ga shi ba a so yamma ta riski mutum a kanta. Mota mai mutuwa duk inda aka taka birki, da tsohuwa makauniya a ciki? Mustafa ya ce a ari motar surukinsa, wai a gaya wa Iya taka ce aka yi wa gyara. Na ce masa kakarka ido ta rasa, ba kunne ba. Ban kuma so a ce ƙarya ce ta kawo ta sunan mai sunanka.

Na bar mata 'yan barka cike da gida, na koma gareji na tare. Benci ɗin nan naka na ƙarƙashin rumfa yana nan, ƙafarsa ɗaya har yanzu bulo ne. A kansa na zauna Asabar da Lahadi da Litinin, mutane na wucewa suna kallon malamar makaranta a cikin baƙin mai. Malam Kyari ya ciro filogi huɗu, duk sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a jikin injin, wanda ka bar masa, mai tsagaggen gilashi. Ya nuna mini inda allura ya kamata ta tsaya in mota na silo, wato tana aiki a tsaye, ya tayar, sai allurar ta haye can sama ta zauna. Ya ce mai ya yi wa injin yawa, shaƙe shi yake yi. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe da suke kira regileta, aikinsa ya bar wa inji abin da yake buƙata, ragowar ya mayar tanki ta wani bututu daban. Ya duba ɗan tiyon da ke jikinsa, lafiyarsa ƙalau. Ya canza regiletan gaba ɗaya. Allura ta koma inda take, ko gezau.

Ranar Litinin ya cire tiyon da ke mayar da mai, ya zura bakinsa a cikin jarka, ya ce in tayar. Ina tayarwa allura ta sauko ta tsaya daidai inda ya nuna mini, injin ya kwantar da murya, hayaƙi ya ɗauke. Mai na zuba a jarka kamar famfon unguwa ranar da aka kawo ruwa. Ya ce to, matsalar tana hanyar komawa tanki, wani abu ya toshe ta. Amma da ya hura iska ta bututun, iska ta fita ta tanki sarai. Ya sake hurawa, ta sake fita. Ya shiga rami ya bi bututun da tocila daga gaba zuwa baya, bai ga lanƙwasa ba, bai ga tsatsa ba. Ya fito ya zauna a kan taya ya cire hula. Ya ce abin da ya rage a mayar da tsofaffin famfunan, sai dai ƙaramin ya fashe wajen cirewa, kuma samun irinsa kafin Laraba sai an yi sa'a.

Ni kuwa na san wani abu da bai sani ba.

Baban Mustafa, ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin da ka gama koya mini tuƙi, ka tafi Konduga girbi a motar haya ka bar Dattijuwa a gida. Ka ce in zagaya unguwa da ita in ina so, amma kada in kuskura in shiga lungunan Bulabulin. Washegari ana bikin 'yar ƙanwata a gidanmu na Bulabulin. Na ci kwalliya, na ɗauki makulli, don kawai 'yan'uwana su ga Binta a bayan sitiyari. Sun gani kuwa, har da guɗa. Wajen juyowa na yi baya na hau bakin wata karyayyiyar kwalbati, na ji ƙarfe ya daki siminti ta gefen tayar baya ta hagu. Na lallaɓo da ita gida tana kakkarwa, na ajiye ta daidai inda ka bar ta, na ɗauki tsintsiya na share sawun taya tun daga ƙofar gida. Da ka dawo na kawo maka ruwa da fuska kamar ta waliyyiya. Washegari ka tayar da ita, ka saurara, ka kashe. Ka wuni a ƙarƙashinta a tsakar gida, ka ce duba ta kawai kake yi. Ban tambaya ba, ba ka faɗa ba. Da na ga ta koma lafiya, sai na ce Allah ya rufa mini asiri, ba ka gane komai ba.

Duk wannan na kwashe na gaya wa Malam Kyari, ina kallon ƙasa kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya koma rami, ya je gefen tayar baya ta hagu, ya kwance wani faifan ƙarfe da ke rufe da wurin. A bayansa bututun na naɗe da robar tsohuwar taya, an naɗe shi tsaf. Ya warware. Sai ga guntun bututun tagulla, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, siriri kamar tsinken alƙalami, an haɗa shi a tsakiyar bututun motar. Iska na wucewa ta cikinsa, man tsofaffin famfuna ma na wucewa ba gardama, amma ambaliyar da na sa aka ɗora masa ta fi ƙarfinsa. Malam Kyari ya daɗe yana kallon ɗaurin wayar da ke bakinsa. Ya ce wannan hannunka ne, murɗi uku da lanƙwasa baki ciki, ba mai yin haka sai kai. Ya ce amma ba a garejin nan aka yi aikin ba, da a nan ne da ya sani. Kuma wannan ba bututun mota ba ne, na firij ne.

Firij! Ka tuna mataccen firij ɗina na cikin sito, wanda na ce za a gyara wata rana? Ka tuna na zo na same ka ina faɗa, an yanke bututun bayansa? Ka kurɓi shayi ka ce, “Ɓerayen garin nan haƙoransu sun yi ƙarfi.” Na ce ɓera ya ci tagulla? Ka ce zamani ne. Na yi tsaki na wuce.

Ashe ka sani. Tun bugun farko ka sani. Da ka je gareji ko kasuwa neman bututu, da an tambaye ka abin da ya faru, da labari ya zaga cewa matar makanike ta fasa masa mota a gidan biki. Shi ya sa ka yanki firij ɗina, ka kwanta a ƙasa wuni guda, ka rufe ɓarnata da roba ka mayar da faifai a kai. Shekara goma muna cin tuwo a kwano ɗaya bayan nan, mun yi faɗa ya fi a ƙirga, na gaya maka maganganu masu zafi a kan motar nan kanta, amma ko sau ɗaya ba ka ɗauko zancen kwalbati ka jefe ni da shi ba. Yaya ka iya? Ni da ko cokali ka ɓatar sai na tuna maka bayan shekara? Na zauna a bencinka na yi kuka a gaban mutane, ban damu da wanda ke kallo ba. Ka yafe mini. Na san ka riga ka yafe tun ranar, amma ina so in roƙa da bakina.

Ranar Talata Malam Kyari ya sa bututu mai faɗin da ya dace, ya wanke filogi, ya ɗaura agogo. Allura ta tsaya inda ake so, a silo da kan gudu. Muka bar ta tana aiki rabin awa a tsaye, ko tari ba ta yi ba. Guntun tagullar kuwa na karɓe abina. Yana cikin jakata, na naɗe shi a hankici.

Laraba da hantsi muka kama hanya, ni a sitiyari, Mustafa a gefe yana taka birkin da babu shi. Duk inda aka tsayar da mu sai in kasa kunne, amma Dattijuwa ta tsaya cak tana numfashi a hankali. Dawa ta yi kyau bana a gefen hanya, da ka gani da ka tsaya ka yi ta surutu da manoma.

Mun sami Iya a kan tabarma a zaure, ta yi wanka, ta ɗaura lafayarta, ƙullin kayanta a gefe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da wushe wushe, sannun nan tasu ta Kanuri, ta riƙe hannuna. Amma fuskarta ba ta saki ba. Ta ce ta ji tsayuwar mota, sai dai muryar ba ta ɗanta ba ce, wannan tana da wani kuka siriri a ƙarƙashi. Gaskiyarta, sababbin famfunan sun fi tsofaffin ƙara. Mustafa ya yi ta rantsuwa. Da ƙyar ta yarda aka kai ta bakin mota. Ta shafa ƙofa, ta shafa yagewar kujerar baya da ka ɗinke da zaren buhu, ta shiga ta zauna, amma ƙafarta ɗaya na waje, ta ƙi a rufe ƙofa. Ta ce kujera kam ta san ta, amma ana iya cire kujera a sa a wata motar.

Na zauna riƙe da makulli. Taɓawa ɗaya motar za ta tashi, abin da na yi ta nema ke nan. Amma hannuna ya ƙi. Na murɗa rabi. Ƙarar famfo ta taso daga ƙarƙashin kujerar da Iya take zaune, sannan ƙarar ta ɗauke. Na karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane, har ƙarshe, ban gaggauta ba. Na kashe. Na sake murɗawa rabi. Ba ni da hular gyarawa, sai na gyara mayafi. Sannan na tayar.

Ta madubi na ga Iya ta janyo ƙafarta ciki. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Ta ce wa Mustafa, “Rufe ƙofa. Ita ce.”

Shekaranjiya da safe aka ɗora mata Maigida a cinya. Ta shafa kansa, ta shafa kunnuwan nan, ta yi dariya har dasashinta ya fito, ta ce an dawo mata da kunnuwa. Tana nan a ɗakinka, ta ce sai ta yi wata guda. Ni zan mayar da ita.

Motarka yanzu ba ta buƙatar jira, Malam Kyari ya tabbatar mini. Amma kullum da safe sai na murɗa rabi na zauna, sau biyu, kamar yadda kake yi. Jiya har na makara zuwa makaranta. Ba mai duba mini agogo a gefe, kuma wallahi da zan samu wanda zai zauna a wurin yana tafasa, da na gaya masa ya bar ta ta kurkure baki tukuna.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya rufa maka asiri a can kamar yadda ka rufa mini a nan. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Binta, mai share sawun taya